Apapa da Tashar Tsandauri a Ma'aunin Manomin Kankiya da Kusada

A 1921 aka fara gina gaɓar da manyan jiragen ruwa ke tsayawa a Apapa da ke Legas, aka kammala kashin farko mai ɗaukar jirage huɗu a 1926. A 2026 ke nan babbar ƙofar kayan ƙasar nan take cika shekara ɗari tana aiki. Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Najeriya, NPA, wadda ke riƙe da ita, ba ta kai waɗannan shekaru ba, don dokar 1954 ce ta kafa ta, ta kuma fara aiki a watan Afrilun 1955. Duk da haka ita ta gaji tsohuwar gaɓar, kuma abin da ta sa a gaba ba ɓoyayye ba ne: a sake gina Apapa da maƙwabciyarta tashar Tin Can da kuɗin da aka ƙiyasta sun kai kimanin dala biliyan 1, a yashe hanyar ruwa don manyan jirage su samu shiga, a rage yawon takardu daga ofis zuwa ofis ta hanyar mayar da su kan kwamfuta.

Mu nan Arewa wani abu dabam ake nuna mana. A watan Janairun 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe tashar tsandauri ta Kaduna, a Janairun 2023 ya buɗe ta Dala da ke Zawaciki a Kano, sannan a watan Mayun 2024, zamanin Shugaba Bola Tinubu, aka buɗe ta Funtuwa a jiharmu ta Katsina. Alkawarin da aka yi a duka ukun iri ɗaya ne, wato ɗan kasuwar Arewa ya daina zuwa Legas fiton kaya, a yi masa komai a ƙofar gidansa. Kuɗin gwamnati ba sa isa a yi komai lokaci guda, hankalin shugabanni ma haka yake. To wanne ya fi cancanta a ba ƙarfi, gyaran tashar teku ko raya tashar tsandauri? Ina so in auna su biyun daga wurin da ba a cika neman ra'ayinsa a irin wannan magana ba, wato Kankiya da Kusada.

Kankiya na kan babbar hanyar Kano zuwa Katsina, kimanin kilomita 60 kafin a shiga birnin Katsina. Ƙasar Kusada na maƙwabtaka da ita, kuma a wajen Yashe da Gidan Mutum Ɗaya ne hanyar da ta taso daga Funtuwa ta Bakori da Malumfashi take haɗuwa da ta Kano. Direban da ya ɗauko riɗi ko wake daga wannan yanki, in ya iso mararrabar nan, ko dai ya miƙe Kano ta Tsanyawa da Bichi, ko ya karkata kudu ya nufi Funtuwa. Duk wadda ya bi, akwai tashar tsandauri a ƙarshenta. Ƙananan hukumomi kaɗan ne a Arewa suka samu irin wannan mazauni. Amma ni dai ban ga wani ƙari a farashin tiyar riɗi a kasuwanninmu da za a ce waɗannan tashoshi ne suka kawo shi ba, kuma wannan ne ya sa nake ganin maganar ta shafe mu kai tsaye.

Kafin zuwan Turawa, Katsina ita kanta tasha ce, sai dai tekunta hamada ce. Ayarin raƙuma na tasowa daga Tarabulus ta Gadamus da Gat da Agadas, su sauke kaya a birni, su ɗauki fata da tufafi su koma. Fuskar kasuwancinmu arewa take kallo. Abin da ya juya ta kudu shi ne layin dogo, wanda ya iso Kano a 1911. A kakar 1912 gyaɗa ta cika tashar jirgin Kano har ta fi ƙarfin taragai, daga nan aka shiga zamanin da ya fito da irin su Alhassan Ɗantata da dalar gyaɗa. Birnin Katsina bai samu dogo ba, saboda haka gyaɗar ƙasar Kankiya a kan jakuna da raƙuma, daga baya a manyan motoci, take zuwa Kano. Audugar kudancin lardin kuma ta samu ƙofa a Funtuwa bayan an shimfiɗa layin Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920. A shekarar da aka fara aikin Apapa, 1921, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya bi ta Legas ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, daga can ya wuce Makka aikin hajji. Wanda kakanninsa suka san hanyar gabas ta ƙasa, ga shi ya bi ta bakin teku.

Ba yabon Turawa nake yi ba. Sun gina abin da suka gina ne don su kwashe amfanin ƙasa zuwa masana'antunsu da araha. Amma akwai abin lura a yadda suka tsara aikin. Ba su gina gaɓa su tsaya jiran hanya ba. Dogo ya riga gaɓar Apapa zuwa, kuma da aka gina ta sai aka shigar da layin har gefen ruwa, yadda taragon da aka yi wa lodi a Kano zai bi kilomita sama da 1,100, ya haye gadar Jebba, ya tsaya kusa da jirgin da zai kwashe kayansa. Tasha da dogo abu ɗaya ne a lissafinsu. Bayan farin 1973 da cutar da ta cinye gyaɗa a 1975, ga kuɗin man fetur sun shigo, sai aka saki dogo ya lalace, kaya suka koma kan tirela. Yawancin wahalar da ake sha yau daga wannan rabuwa ta samo asali.

Mu fara da hujjar masu cewa a gyara Apapa tukuna, don hujja ce mai nauyi. Ko an gina tashar tsandauri a kowace ƙaramar hukuma, jirgin ruwa a bakin teku zai tsaya. Takin zamani da kayan haɗa shi, tayar mota, kayan gyaran babur, injin ban ruwa, magungunan da ke kantin Kankiya, da yawansu ta Legas suka shigo. In jirgi ya yi mako biyu a kan ruwa yana jiran wurin tsayawa, kamfanin jirgin zai ɗora kuɗin jiran a kan kaya, mai shigo da kaya ya ɗora wa babban dila, har abin ya gangaro kan mai sayen buhun taki a Kafin Soli ko Rimaye. Ƙasar nan ta taɓa ganin iyakar wannan masifa a 1975, lokacin da ɗaruruwan jiragen siminti suka yi cirko-cirko a gaban Legas wata da watanni. Wannan cunkoso ne ya sa aka gaggauta gina Tin Can, aka buɗe ta a 1977. Yau ita ma Tin Can ta tsufa, bangon gaɓarta ya fara zaizayewa a wasu wurare, balle Apapa da ta girme ta da shekara hamsin. Jiragen zamani kuma sun ƙara girma, suna neman ruwa mai zurfi. Abin da ya ba tashar Lome ta ƙasar Togo damar shan gaban Legas a yawan kwantena a ƙarshen shekarun 2010 ke nan, duk da ƙanƙantar Togo.

An yi wasu gyare-gyare, kuma adalci ne a faɗe su. A 2006 aka miƙa gudanar da sassan tashoshin ga kamfanoni masu zaman kansu, hukumar ta koma matsayin mai gida mai karɓar haya da kula da hanyar ruwa. A watan Fabrairun 2021, lokacin shugabancin Hadiza Bala Usman, 'yar marigayi Dakta Yusufu Bala Usman masanin tarihin Katsina, haifaffen Musawa maƙwabciyarmu, aka fito da tsarin Eto, inda tirela ba ta nufar ƙofar tasha sai an kira ta ta waya. Ya rage jerin gwanon motocin da kan kwana makonni a kan gadojin Apapa, ko da yake direbobi ba su daina kukan masu karɓar na goro a hanya ba. A Janairun 2023 aka buɗe tashar Lekki a Legas mai zurfin mita 16.5, wadda ta ci kimanin dala biliyan 1.5. A 2025 kuma hukumar, ƙarƙashin Abubakar Ɗantsoho, ta ƙara kuɗin hidimarta da kashi 15 cikin ɗari, karon farko tun 1993, ta ce da su za ta sabunta kayan aiki.

Inda wannan hujja ta gaza a wurinmu shi ne duk gyaran a ƙofar tasha yake tsayawa. Lekki, da duk zurfinta, an buɗe ta ba tare da layin dogo ya shiga cikinta ba. Daga ƙofar Apapa zuwa Kankiya akwai tafiyar da ta haura kilomita dubu, ta Ibadan da Ilori da Jebba da Mokwa, a kan titin da damina ke ci kowace shekara. Ambaliyar Mokwa ta ƙarshen watan Mayun 2025, wadda ta hallaka mutane sama da 150, ta yanke wannan hanya, motocin Arewa da na Kudu suka tsaya cik. Ga tsadar man gas, ga shingaye, na hukuma da waɗanda ba na hukuma ba, ga fargabar 'yan bindiga a dajin Birnin Gwari da wasu sassan Neja. A wasu lokutan cunkoso 'yan kasuwa sun sha kukan cewa kawo kwantena daga Legas zuwa Kano ya fi kawo ta daga Sin zuwa Legas ciwo a aljihu. Ko an mayar da Apapa sabuwa fil, wannan kashi na tafiyar yana nan yadda yake.

Don a ga wanda ke biyan kuɗin, a bi riɗi daga gona. Manomi yakan yanke shi kafin kwanson ya fashe, ya ɗaure dami-dami, ya jingina su a tsaye har su bushe. Sannan ya shimfiɗa tamfol, ya kifa kowane dami ya kaɗe, mata su sheƙe su fitar da ƙaiƙayi. Ranar kasuwa ya kai 'yan tiyoyinsa, masu awo su saya su tara buhu-buhu, mota ta kwasa zuwa kasuwar Dawanau da ke Kano. A can injin tacewa zai fitar da yashi da tsakuwa, a zuba a buhuna masu kilo 50, a cika kwantena mai ƙafa 20 da kimanin tan 19. Mai fitar da kayan ba daga wahalar manomi yake fara lissafi ba. Daga farashin da mai saye a Japan ko Turkiyya ya yanka yake farawa, ya cire kuɗin jirgi, ya cire na tasha, na tirela, na shingaye, na ejan, ya cire ribar bashin banki na kwanakin da kaya za su yi a hanya, ya ware wani abu saboda tsautsayi. Abin da ya rage shi ne yake gangarowa Dawanau, daga Dawanau ya iso kasuwar ƙauye. Duk ranar da ejan ya bugo waya daga Legas ya ce, "Alhaji, a ƙara haƙuri, motar na kan layi, ba ta shiga ba tukuna," wani abu ya ragu daga kuɗin tiyar baɗi. Manomin da bai taɓa ganin teku ba shi ne na ƙarshe a layin, kuma ba shi da wanda zai tura wa asarar.

A nan ne tashar tsandauri take da kyakkyawar hujja. Tun 2006 gwamnatin Obasanjo ta amince da wurare shida: Ibadan, Isiala Ngwa, Jos, Kano, Funtuwa da Maiduguri, a bisa tsarin da ɗan kasuwa zai gina, ya gudanar na wasu shekaru, sannan ya miƙa wa gwamnati. Funtuwa ta jira shekara goma sha takwas kafin a buɗe ta. Yadda aka tsara aikin, in mutum ya sayi kaya a Sin, takardar jirgi za ta nuna Kano ko Funtuwa a matsayin inda kayan za su sauka. Kwantena ta iso Apapa, ba a buɗe ta, a ɗora ta a tarago da hatiminta, sai ta iso nan jami'an kwastan su buɗe a gaban mai ita, ya biya haraji ya kwashi kayansa. Mai fitarwa kuma a nan za a duba kayansa, a cike takardunsa, a rufe kwantena a buga hatimi, in ta isa Legas sai shiga jirgi. Babu zaman otal a Legas, babu neman wanda ya san wani, kuma aikin dako da sito da tacewa da ɗinkin buhu ya dawo hannun 'ya'yanmu.

Akwai wata fa'ida da ba a cika ambata ba, kuma a ganina ta fi sauran. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, irin wanda wasu ke zubawa a buhu don kada wake ya yi ƙwari a ajiya. Meziko, babbar mai sayen zoɓorodonmu, ita ma ta taɓa dakatar da saye na wasu shekaru saboda ƙwaron da aka gani a kaya. In ɗakin gwajin kaya yana Legas, sai an biya kuɗin tirela na kilomita dubu kafin a san kaya ba su da kyau. In a Turai aka gano, asarar ta ninka, sunan ƙasa ma ya ɓaci. Amma in ɗakin gwajin yana Zawaciki ko Funtuwa, buhun da aka ƙi zai dawo kasuwar da ya fito cikin kwana biyu, mai awo ya san manomin da ya sayar masa, labari ya bazu cewa wake mai magani ba ya wucewa. Gyaran hali irin wannan sai hukunci yana kusa yake yiwuwa. Apapa ba za ta taɓa yi mana wannan ba, komai kyanta.

Sai dai duk wannan tsari a kan dogo ya dogara, kuma dogon ne babu. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Sabon layi mai faɗi ya tashi daga Legas, har da reshe zuwa cikin Apapa, amma a Ibadan ya tsaya tun da aka buɗe shi a watan Yunin 2021. Na Abuja zuwa Kaduna yana aiki tun 2016, na Kaduna zuwa Kano an aza harsashinsa a 2021 ana kan aiki. Tsakanin Ibadan da Abuja kuwa ba a shimfiɗa sabon layi ba. Abin da ya haɗa Legas da Kano har yau shi ne tsohon layin Turawa mai ƙaramin faɗi, wanda aka farfaɗo da shi a ƙarshen 2012, kuma ambaliya da ɓarayin ƙarfe da ƙarancin kawunan jirgi ba su bar shi ya zauna lafiya ba. A 2024 an sake ƙaddamar da jigilar kwantena a kansa zuwa Kano. Ɗan kasuwa dai ba ranar ƙaddamarwa yake dubawa ba. So yake a ce masa jirgi na tashi ranar kaza kowane mako, ya gwada sau biyar ya ga bai saɓa ba. Funtuwa ta fi shiga tsaka mai wuya, don reshen Zariya zuwa Ƙauran Namoda da take kansa ya daɗe bai ga zirga-zirgar jirgi a kai a kai ba, kuma yana ratsa yankin da matsalar tsaro ta yi wa katutu.

In kwantena a tirela za ta zo tashar tsandauri, ribar ta ragu ƙwarai. An bi titin nan dai, an sha shingayen nan dai, sannan an ƙara saukewa da ɗorawa sau ɗaya, da kuɗin wata ƙofa. Ga kuma maganar kwantenar da babu kaya a ciki. Kwantena mallakar kamfanin jirgi ce, mai kaya yana ajiye kuɗin jingina kafin ya fita da ita, kuma kowace ranar jinkiri ana yanka masa tara. Sau da yawa tana zuwa Arewa cike ta koma Legas wayam, alhali a gefe guda ga mai riɗi yana biyan kuɗi a kawo masa wata wayam daga Legas. Tashar tsandauri ta gaskiya ita ce inda waɗannan biyun za su haɗu, wadda ta sauke tayoyi ta koma da riɗi. Hakan ba ya yiwuwa sai manyan kamfanonin jiragen ruwa sun yarda su riƙa rubuta Kano da Funtuwa a takardunsu, su kuma ajiye kwantenoninsu a can. Su kuwa ba sa sakin kayansu zuwa inda ba su san ranar dawowarsu ba.

Mun ga irin wannan a wasu wurare. An buɗe tashar kogi ta Baro a jihar Neja a Janairun 2019, a garin da Turawa suka fara shimfiɗa dogon Kano daga cikinsa, amma rashin hanya mai kyau da rashin dogo da rashin yashe kogi suka bar ta zaune. A Nijar kamfanin Bolloré ya shimfiɗa dogo kimanin kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso, aka yi bikinsa a 2016, amma da yake bai haɗu da layin Parakou na ƙasar Benin ba, bai yi jigilar da aka gina shi dominta ba. Habasha kuwa, wadda ta rasa bakin teku bayan ɓallewar Eritiriya a 1993, ta haɗa tashar tsandaurinta ta Mojo da tashar Jibuti ta layin dogo mai lantarki na kimanin kilomita 750, wanda ya fara jigilar kasuwanci a 2018. Mojo na da nata matsalolin, amma kwantena na shiga suna fita, don akwai abin da ke kawo su.

Wani abin da ke damuna shi ne babu hukuma guda da za a kama da laifi in kwantena ta maƙale tsakanin Apapa da Funtuwa. NPA ke da bakin teku. Tashoshin tsandauri suna ƙarƙashin kulawar Majalisar Masu Jigilar Kaya ta Najeriya, wadda aka kafa a 1978. Dogo na Hukumar Jiragen Ƙasa ne. Tun 2023 biyun farko suna ma'aikatar harkokin teku da aka ƙirƙiro wa Adegboyega Oyetola, dogo ya zauna a ma'aikatar sufuri, kwastan kuma na ma'aikatar kuɗi. Kowa na iya nuna rahoton nasararsa a ƙarshen shekara alhali kayan ba su iso ba.

Kuma kada a manta ba Legas kaɗai ce ƙofarmu ba. Shekaru aru-aru 'yan kasuwar Katsina da alhazan Maraɗi sun san hanyar tashar Kwatano ta ƙasar Benin, inda kaya suka riƙa sauka da sunan Nijar, su hau ta Gaya zuwa Maraɗi, wasu su gangaro ta Jibiya. Rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024, sun nuna yadda wannan hanya take da rauni, sun kuma nuna irin dogaron da aka yi da ita. Layin Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, an tsara shi ne don jawo kayan Nijar zuwa tashoshin Najeriya. Ta Ɗambatta da Kazaure da Daura zai bi ya shiga Katsina da Jibiya, ba ta Kankiya ba. Kuma ko an gama shi gobe, shi ma mai faɗi ne, ba zai kai kaya teku ba sai an cike giɓin Ibadan zuwa Abuja.

In aka ce lallai in zaɓa, tashar tsandauri nake goyon baya, amma da sharaɗin a ɗauke ta tare da dogonta a matsayin aiki ɗaya. Dalilina shi ne Apapa da Lekki suna da masu tsaya musu. Manyan kamfanonin duniya na da jari a cikinsu, bankunan waje a shirye suke su ba da bashin gyara su don suna kawo dala, kuma in bango ya rushe a Tin Can jaridun Legas za su buga washegari. Dogon da ya ratsa Mokwa da Minna da Zariya ba shi da mai yi masa kuka irin haka. Gyaran teku zai samu kuɗinsa ko mun yi magana ko mun yi shiru, na tudu kuwa in wakilanmu ba su matsa ba zai sake jiran wata shekara goma sha takwas. Ita kanta NPA tana da riba a ciki: kowace kwantena da ta fita Apapa a tarago ta rage tirela ɗaya a ƙofarta, ta kuma ba da fili ga jirgi na gaba. Da zan ba hukumar shawarar abin da za ta sa a gaba a cikar Apapa shekara ɗari, sai in ce ta riƙa bayyana wa jama'a kowane wata kwantena nawa suka bar tasha ta dogo, da kwana nawa kowace ta yi kafin ta isa Kaduna da Kano da Funtuwa, ta kuma yi wa wanda ya bi dogo rangwamen kuɗin tasha.

Tsakanin Dala da Funtuwa kuma, kishin jiha na cewa Funtuwa, kuma ina fata ta rayu, don auduga da masara da waken suya na kudancin Katsina da Zamfara sun isa su riƙe ta. Amma ga mai riɗi da zoɓorodo a Kankiya da Kusada, a halin yanzu Kano ta fi kusa da buƙatarsa. Masu saye suna Dawanau, injinan tacewa suna can, bankuna da ejan-ejan suna can, kuma Zawaciki na kusa da babban layin da ya fi samun kulawa. Gwamnatin Katsina ba ta yi asara ba in ta amince da haka ta taimaki manomin tsakiyar jihar ya isa kowace tashar da ta fi masa sauƙi.

Akwai kuma abin da ba sai an jira Abuja ba. Kwantena ɗaya ta riɗi buhu 380 ne masu kilo 50. Babu ƙaramin manomi a Kofa ko Mawashi da zai cika ta shi kaɗai, amma ƙungiyoyin manoma na mazaɓu biyu ko uku za su iya a kaka ɗaya. Abin da suke buƙata sito ne mai tsabta kusa da mararrabar Gidan Mutum Ɗaya, da sikeli na gaskiya, da ƙaramin injin tacewa, da na'urar auna danshi, da hanyoyin karkara da mota za ta iya shiga bayan ruwan Satumba. Wannan bai fi ƙarfin ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada da Ingawa ba in suka haɗa hannu, tunda ma ɗan majalisar tarayya ɗaya suke turawa Abuja. Shi kuma ɗan majalisar, idan an zo kare kasafin ma'aikatar sufuri, ya tambayi minista ranar da za a fara shimfiɗa layin Ibadan zuwa Abuja, da adadin kawunan jirgi da taragan kwantena da aka ware wa tsohon layi kafin a kai ga wannan ranar.